Rijiyar da Habu Ya Hana a Cike

Bana shekara ashirin da biyu ke nan da rasuwar taubashina Habu, ɗan kawuna, kuma har yau ban sami wanda zan tsokana in ji daɗi kamarsa ba. Allah ya jiƙansa. Jikata ce ke rubuta wannan, ni ina faɗa, don haka in an ga kuskure, nata ne.

Garinmu Gangaren Gamji ɗan ƙauye ne a ƙasar Roni, duwatsu ta gabas, fadama ta yamma, hanyar Kazaure kuma sai ka ɗan taka kafin ka iske ta. Lokacin da aka sami 'yancin kai, abin da muke da shi bai wuce masallaci, da rumfar mahauta, da gamjin da aka sa wa garin sunansa ba, sai rijiya guda. Manya sun ce wani Bafulatani ne ya ga shanunsa suna tonon wurin da kofato, ya haƙa, ruwa ya ɓullo, mutane suka zauna. In Habu ya yi baƙo, kafin ya ba shi tabarma sai ya kai shi bakin rijiyar nan ya zuba masa labarin, kai ka ce tare suka haƙa. Shi ne kuma mai shiga yasarta duk rani, ya fito baƙi ƙirin da laka, ni kuwa in tsaya ina kiransa kwaɗon gari.

Da kuɗin mai suka shigo, gwamnati ta tuna da mu. Aka gina firamare, aka yi ɗakin shan magani, aka kafa famfo mai inji a bakin kasuwa. Wallahi mun yi murna, don igiyar guga ta gama cinye mana tafin hannu. Sai akuyar dagaci ta faɗa tsohuwar rijiya, samari suka ce gobe yaro ne zai faɗa, a cike ta a huta. Dagaci ya yarda, har aka sa ranar gayya.

Habu ya yi ta magana a ƙofar dagaci kan tarihi, ba wanda ya saurare shi. Ya zo gidana jiki a sanyaye, ya ce, "Ke baƙar taubashiya, yau ba wasa na zo ba. Za su binne kakarmu." Na tausaya masa ƙwarai, amma sai da na yi dariyata tukuna. Sannan na gaya masa abin da kowace mace ta sani, maza ba su sani ba: ruwan famfon nan zartsi ne. Sabulu ba ya kumfa, wake kuwa sai ka zabga kanwa har ya yi ɗaci kafin ya nuna.

Da safiyar ranar gayya na ɗora tukunya biyu, wake iri ɗaya, wuta ɗaya, ɗaya da ruwan rijiya, ɗaya da na famfo. Habu ya ɗauka ya dire gaban dagaci, samari na tsaye da cebur. Dagacin tsoho ne, haƙoransa sun yi saura kaɗan. Ya ci na rijiya ya gyaɗa kai. Ya ɗebi na famfo, ya tauna, ya sake taunawa, ya dafe kunci.

"Habu, wannan tsakuwa ce ko wake?"

"Ranka ya daɗe, abincinka ke nan daga gobe."

Dagaci ya dubi samari ya ce tunda sun riga sun zo da cebur, su kwaɓa siminti su ɗaga bakin rijiyar, a yi mata murfi. Habu ya yi shekaru yana baza labari wai hikimarsa ce. Ƙarya yake, waken nawa ne, dabarar ma tawa ce.

Da zai leƙo yau, ba zai gane garin ba. Kwalta ta iso, 'yan acaɓa sun cika gindin gamji, an yi sabon famfo mai aiki da hasken rana wanda ruwansa ba laifi. Na san abin da zai fi ba shi haushi shi ne ruwan leda. Zai tsaya ya tambayi yaro, da kuɗinka ka sayi wannan, rijiya na kallonka? Amma zai ji daɗi ya ga Fulanin rugar yamma har yanzu a rijiyar suke shayar da shanu, kuma duk rani jikokinsa na tahowa daga Kano don yasarta, mata su dafa wake a ci a bakin rijiya.

Bai bar gona mai yawa ba, bai je Makka ba. Rijiyar nan ce ya bari. Ranar da ya rasu, maza suka nufi famfo ɗebo ruwan wankansa, na tare su a hanya na ce ba da wannan ba. Na buɗe murfin da kaina, da tsufana, na zura guga. Shi ne karo ɗaya da na yi wa Habu aiki ban tsokane shi ba.