Yadda Inna Ta Hau Dutsen Danxia

Talata: daga Sanyuanli zuwa Shaoguan

Ana idar da sallar asuba muka bar unguwarmu Sanyuanli a birnin Guangzhou, cikin watan Yulin 1998, tun jiragen saman filin Baiyun ba su fara ratsa mana kai ba. Mu huɗu ne: ni, da matata Binta, da mahaifiyata da muke kira Inna, sai direbanmu Ma, Basine Musulmi da ya saba kai mini dilolin takalma wurin masu jirgi. Motarsa farar bas ce wadda ya cire wa kujerun baya. Na sa kafinta ya buga gado a ciki, Binta ta rataya labule, muka ɗaure murhun gas da jarkokin ruwa da tanti biyu. Da Inna ta leƙa sai ta ce, "Auta, wannan mota ce ko ɗakin amarya?"

Bari in faɗa muku abin da ya fitar da mu. Wata uku kafin nan na kawo Inna Guangzhou saboda ciwon gwiwa, a keken guragu aka sauko da ita daga jirgi. Wani likita mai soka siraran allurai ya yi ta fama da ita har ta fara takawa da sanda. Ita kuwa ba ta da buri sai Makka. Yayana Garba, can Kano, ya ce zai biya mata, amma sai ta yarda a ɗora ta a abin nan da ake ɗaukar tsofaffi a ka a yi musu ɗawafi. Inna ta ce atafau. "Sau ɗaya za a ɗauke ni a kan mutane," in ji ta, "ranar kuma ba ni da labari." Yaya ya ce to a haƙura da tafiyar. Ni na tsaya mata. Muka yi da shi a waya: in ta hau dutse da ƙafarta, ya biya babu sharaɗi, in ta kasa kuma magana ta mutu. Likita ya yarda a gwada a hankali, Ma ya ce ya san dutsen da ya dace, Danxia, gandun da gwamnati ta keɓe a arewacin lardin da muke zaune.

Hanyar ta fi kilomita ɗari biyu, ga manyan motoci bumbutu, ga wuraren biyan kuɗin hanya kamar ba za su ƙare ba. Da hantsi ’yan sanda suka tsayar da mu. Wani saurayi a cikinsu ya karɓi fasfo, ya leƙa bayan labule, ya yi arba da Inna zaune a kan gado tana jan carbi.

"Sannu da aiki, yaro," ta ce, ta ɓantaro masa goro.

Ya gatsa, ya runtse ido, ya daure ya haɗiye, ya ce "Sheshe," wato ya gode. Har muka yi nisa Ma yana dariya.

A garin Fogang muka nemi abincin Musulmi. Duk shagon da na tambaya sai a kaɗa mini hannu a ce "Meyo," babu. Muka haƙura da dafaffen ƙwai da wasu ’ya’yan itace masu jan ɓawo da ake kira laici, leda cike yuwan biyar, kuɗin ƙasar. Inna ta ɓare ɗaya ta ce ya yi kama da idon rago, sannan ta cinye rabin ledar.

Bayan la'asar muka shiga Shaoguan. Na sayi shinkafa da kaji biyu masu rai, muka ƙara gaba kamar tafiyar awa guda zuwa wani ƙauye a bakin kogi. Baƙo ba ya kwana inda ya ga dama a ƙasar nan, don haka Ma ya kai takardunmu ofishin ƙauyen, ya kuma roƙi wani manomi ya bar mu mu kafa tanti a filinsa, yuwan ashirin. Na yanka kajin. Binta ta tuƙa tuwon shinkafa, ta kaɗa kukar da ta zo da ita daga Kano. Matar manomin ta zo da tsinkayen cin abincinta ta yi ta kokawa da miyar tana zillewa, har Inna ta kama hannunta ta nuna mata yadda ake yanko loma. Mata suka kwana a mota, ni da Ma a tanti, sauro ya yi biki da mu.

Laraba: hawan dutse

Da sassafe muka yanki tikiti muka shiga. Ban taɓa ganin irin wurin nan ba. Duwatsu ne ja wur, a tsaye ƙyam, sai ka ce ganuwar Kano aka ɗaga sama aka dasa mata itatuwa a ka, kogi kuma yana zagaye su a ƙasa.

A gindin matakala wasu ƙarti biyu suka tare mu da sana'arsu: gora biyu dogaye, da wurin zama a tsakiya, suna saɓawa a kafaɗa su hau da mutum. Suna ganin tsohuwa da sanda suka ajiye abin a gabanta. "Mama! Mama!"

Inna ta ja da baya. "La'ilaha illallahu! Auta, har nan makarar ta biyo ni?"

Na ce musu ba ma so, amma suka ci gaba da binmu a baya, sun tabbatar za ta gaji. Da muka yi ɗan nisa Inna ta waiwaya ta dube su, gumi ya jiƙa musu riga.

"Bayin Allah nan abincinsu suke nema," ta ce. "Ka biya su. Binta, ɗora musu butata da darduma."

Haka kuwa aka yi. Buta ta hau gora ta hakimce, ƙarti biyu na ɗauke da ita, mai butar tana biye a ƙasa tana dogara sanda. Sinawa masu yawon buɗe ido suka yi ta nuna mu suna ɗaukar hoto. Da Ma ya yi musu bayani sai dariya ta koma tafi, duk wanda ya wuce ya ɗaga wa Inna babban yatsa.

Mukan taka kaɗan mu huta. Wajen tsakiya muka iso inda aka sassaƙa matakalar a jikin dutsen, siririya, ga sarƙar ƙarfe ta riƙewa. Nan gwiwar ta fara rawa. Inna ta zauna tana haki, leɓenta ya yi fari. Tsoro ya kama ni ƙwarai.

"Inna," na ce a hankali, "ki hau su haye da ke nan wurin kawai. Ba wanda zai gaya wa Yaya."

Ta dube ni sama da ƙasa. "Ɗakin wa za ni? Na Yayanka?"

Ta sha ruwa, ta miƙa wa Binta sandar, ta ɗaure mayafinta a ƙugu kamar za ta yi daka, ta kama sarƙar da hannu biyu. Duk taki da bisimilla. Binta na gaba, ina baya na buɗe hannuwa, amma ko sau ɗaya ban taɓa ta ba.

Rana ta take tsaka muka kai ƙololuwa. Akwai wata ’yar rumfa a can, daga cikinta kana hango jajayen duwatsu jere har iyakar ganinka, gajimare na yawo a ƙarƙashinka. Inna ba ta ko kalli wannan ba. Ta leƙa hanyar da muka biyo ta ce, "Kai da ka je, Safa da Marwa sun kai wannan?"

"Ko kusa, Inna."

"To," ta ce. "A sauko mini da butata."

Ta yi alwala, Ma ya nuna mata inda za ta fuskanta da ɗan agogonsa mai nuna alƙibla, ta yi raka'a biyu a tsaye. Ni dai hawaye nake yi, ban kuma ɓoye ba. Duk abin da na taɓa samu a kasuwa bai sa na ji kaina ya kai sama kamar ranar nan ba.

Saukowa ta fi wuya. Wasu matakalan da zama ta sauko su ɗaya bayan ɗaya, ta ce wannan ma ai jikinta ne. Da yamma Binta ta gasa mata gwiwa da ruwan zafi a bakin kogi, matar manomin ta kawo wani man shafawa mai yaji.

Alhamis: komawa

Muka naɗe tanti bayan asuba, muka bar wa masu masaukinmu sauran kuka da daddawa. Ruwa ya yi ta dukanmu a hanya, Inna ta sha barcinta a gado. Da la'asar muka shigo Sanyuanli, ko kaya ba mu sauke ba ta ce a kai ta shagon waya.

Da layin Kano ya shiga, Yaya ya ce, "Auta, tsakaninka da Allah, ba a ɗauke ta ba?"

Inna ta fizge kan wayar. Ba ta kiran sunansa, ɗan fari ne. "Kai wannan," ta ce, "an ɗauki buta. Je ka biya."

Can sai muka jiyo babban mutum yana shessheƙa yana cewa, "To, Inna. To, Inna."

Na gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu lafiya. Na gode wa Ma, da likitan allurai, da manomin nan da matarsa, da Binta da ba ta gajiya. Aikin hajjin da ya biyo baya da Inna aka yi shi, ta kuma yi zagayenta bakwai ƙafarta a ƙasa.