Ƙananan halittun da ke cikina

Ina ɗauke da ciki na huɗu aka zo mana da maganar ƙananan halittu. Ukun farko duk a wata bakwai na haife su, kuma babu wanda ya kai ranar suna. A Bazaga muke zaune, maigidana yana noman hatsi da wake, ni ina kiwon 'yan awakina.

Wata ranar awo a asibitin Ƙonni, unguwarzoma ta tara mu a rumfa. Dattijuwa ce mai sanyin magana, ta san ni tun haihuwata ta fari. Ta ce wasu masu bincike sun zo daga Yamai, suna son masu ciki su riƙa kawo ɗan bayan gida a kwalba, a kuma shafi gabansu da auduga. Mata suka rufe baki da gyale suna dariya. Ta jira suka gama, sannan ta ce a hanjin kowace mace da gabanta akwai halittun da ido ba ya gani. Ana zaton wasu suna tsare ɗa, wasu kuma suna tada naƙuda tun lokaci bai yi ba.

Ni ban yi dariya ba. Na daɗe ina jin ana cewa iska ce, ko bakin mutane. Na sha rubutu, na sha sassaƙe har harshena ya daina jin ɗaci. Ranar ce aka fara ce mini abin yana da jiki, ana iya ɗibarsa a duba.

Kowane wata nakan hau amalanken jaki da kwalbar a ƙulle a haɓar zane, ina kunyar kada mai jakin ya tambaye ni. Can sai a yi ta tambayata abin da na ci, ko furata da nono nake damawa, ko daga wace rijiya muke sha. Ina amsawa da zuciya ɗaya.

Da ciki ya shiga wata shida na riƙe hannun unguwarzomar na ce, "Inna, me anka gani? A ba ni maganin tun da sauran lokaci."

Ta ce, "Ɗiyata, ba su da magani tukuna. Koyo sukai. Wataƙila jikokinmu su amfana."

Naƙuda ta zo a wata na bakwai, ana tsakiyar girbin wake. Mace ce, tafin ƙafarta bai fi babban yatsana ba. Unguwarzomar ta ɗaura mini ita a ƙirji don ta sami ɗumi. Wata daga cikin masu binciken ta durƙusa ta roƙi kashin farko na jaririyar, idonta cike da hawaye. Na ba ta. Wannan kaɗai ɗiyata ta bari a duniya, domin ita ma ba ta kai suna ba.

Da damina ta zagayo na sake samun ciki. Na koma awo, na tarar masu binciken sun gama aikinsu sun tafi, ɗakin da suke zama an jibge buhunan garin kunun yara a ciki. Na tambayi unguwarzomar ko an aiko da wani labari, ta girgiza kai, ta ce in hau sikeli. Maigidana ya so ya sayo yadin goyo ranar kasuwa, na ce ya bari tukuna.