Na Rufe Fuskarsa, Na Bar Muryarsa

Shekarun baya ni mai ɗaukar bidiyon biki ne a Daura, kuma gaskiya ina ji da kaina. Na gaji da ɗaukar amare da masu liƙi, ina son in yi aikin da za a ce wane ya san hannunsa. Shi ya sa na ƙudura yin ɗan fim a kan masu shaye-shaye da ke kwana a wani kango kan hanyar Zango. Na ce wa kaina wayar da kan jama'a zan yi, amma Allah ya sani, rabin niyyar neman suna ce.

A cikinsu akwai wani tsohon direba da ya haura talatin, da can yana jigilar fasinja zuwa Kongolam. Ƙwayar hana barci ya fara sha don ya jure tuƙi, daga nan sai maganin tari, mota ta tafi, mata ta tafi. Sati biyu ina kai masa ƙosai da safe kafin ya yarda ya yi magana. Sharaɗinsa ɗaya ne, kada a gane shi. Ya gaya mini mahaifiyarsa na Sandamu, kuma shekara uku ke nan tana faɗa wa dangi da maƙwabta cewa ɗanta yana fatauci a Nijar. Ta san gaskiya sarai, asiri take rufa masa. Na rantse masa da Allah cewa ko ita ba za ta gane shi ba.

Na rufe fuskarsa, amma na bar muryarsa yadda take, don da na gwada canza ta sai na ji kukan da ya yi ya daina taɓa zuciya. Na kuma bar hoton ƙofar kangon saboda ya yi mini kyau. Cikin kwana huɗu fim ya zagaye wayoyin gari, ana ta kirana ana yabo, ni kuwa sai washe baki nake. A rana ta biyar da hantsi jami'an tsaro suka je suka kwashe kowa, kuma ni na nuna musu hanya da hoton ƙofar nan da na bari. Abin da ya fi ci mini rai shi ne labarin da ya zo daga Sandamu. A gidan suna wata ta kunna fim ɗin cikin mata, tsohuwar na zaune, sai wata ta juyo ta ce mata ai wannan muryar ɗanta ce. An ce ta ja mayafinta ta fita, kuma tun ranar ta daina shiga taro.

Bayan an sake shi na haɗu da shi a bakin kasuwa. Na shirya wa zagi, har da duka, bai yi ko ɗaya ba. Roƙona kawai ya yi in je in ba tsohuwar haƙuri, don shi ba shi da idon kallonta. Kunya ta sa na yi ta ɗagawa, yau da gobe, har ta rasu a damunar da ta biyo baya ban je ba.

Ina jan kunnen duk mai riƙe da kyamara ko waya: wanda ka gani kwance a kango ɗan wasu ne, kuma tausayin da ake yi don a gani cutarwa ne. Na goge fim ɗin a wajena, amma yana nan a hannun mutane. Da na je masa ta'aziyya na nemi gafararsa, ya ce nasa ya yafe duniya da lahira, na mahaifiyarsa kuwa ba shi ke da ikon yafewa ba.