Baba Mamman, Bakin Marasa Iƙama

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da hantsin nan na ciro wayata daga loka a wurin aiki, na tarar an yi ta kirana. Baba Mamman ya rasu.



Duk ɗan unguwarmu ta Nuzla ya san shi, dattijon Damagaram mai gyaran fanka. A layinmu shi ne mai iƙama, wato takardar izinin zama a ƙasar, don haka shi ne bakinmu. An sace maka keke? Baba Mamman za a kira. Naƙuda ta zo da gardama? Shi ne dai. Ya sa farar jallabiyarsa ya je ya tsaya gaban 'yan sanda a madadin wanda ba zai iya tsayawa ba.

Lokacin da na zo umra na maƙale, wani ya fasa min kai a kasuwa, na ƙi zuwa ko'ina. Shi ya ja ni asibiti yana min tsiya, wai ƙaton banza mai tsoron yunifom. Shi ya yi ta faɗi-tashi har na samu kafili, ɗan ƙasa da ya tsaya min na yi iƙama.

Ranar Juma'a muka rabu a ƙofar shagonsa. Ya ce, "Ɗana, da 'yan sandan unguwa za su bar tambayar takarda ga masu aikin takarda, wallahi da mutanenmu sun daina mutuwa a ɓoye."

Yau da safe ya yanke jiki ya faɗi a shago. Mutum biyar ne a kansa, ba mai iƙama ko ɗaya. Kowa da waya a hannu, amma suna tsoron in motar asibiti ta zo, 'yan sanda su biyo ta. Sai suka yi abin da muka saba, suka nemi mai takarda ya kira.

Ni suka nema. Ni kuwa ina bakin inji a Madinar Masana'antu, can unguwar kamfanoni, waya a kulle.

Kafin su samo wani, halas, rai ya yi halinsa.

Ban ga laifinsu ba, na san wannan tsoron. Amma zuciyata ta ƙi daina ciwo.

Allah Ya gafarta maka Baba, Ya haskaka kabarinka, Ya karɓe ka ba tare da bincike ba. Don Allah duk wanda ya karanta ya sa shi a addu'a, ya haɗa da mutum biyar ɗin nan. Har yanzu suna zaune a ƙofar shagon, sun kasa bin sa asibiti.