Saƙon Kudu a Gonar Baba

A shekarun da nake ba da labari ina aiki a Tawa, a wani ɗan biro, wato ofis, mai ɗaki biyu na wata ƙungiyar manoma. Mu biyu ne masu kwamfuta, ni da abokiyar aikina, wata ƴar Damagaram mai kaifin ido da kaifin baki. Akwai mutane a ƙauyuka da ke auna ruwan sama su aiko mana, na'ura kuma ta duba, kowace safiya ta kira salular manoma ta faɗa musu ɗayan biyu: a dakata, ko a shuka. Muryata ce a cikin saƙon. Abokiyar aikina ta ce in ita ta yi magana, Adarawa, mutanenmu na ƙasar Tawa, za su tsaya gyara mata Hausa har damina ta wuce.

Muna da abin da muke ce wa layi. Jerin ayyuka ne da na'ura ke yi da kanta, ɗaya bayan ɗaya, duk safiya da duk lokacin da muka taɓa shirin da na'urar ke bi. Kowane aiki a cikinsa job muke ce masa. Layin yakan gudu sau biyu, sau ɗaya don ƙauyukan kudu wajen Ƙonni, sau ɗaya don namu na arewa, su Tebaram da Affala. In job ya gama lafiya ya nuna kore, in ya faɗi ya nuna ja, komai ya tsaya.

Job yana da wani hali da duk ɗan koyo ya sani. Kowanne a sabuwar na'ura yake tashi, wadda ba ta san komai ba game da wanda ya gabace ta. Abin da na farko ya gano, in ba ka rubuta a fili cewa a ajiye a miƙa wa na biyu ba, to ya tafi tare da shi. Wannan abin da ake miƙawa shi ne parametar. Namu kalma ɗaya ce tak, sunan yanki: arewa ko kudu.

Wata Juma'a da rani na ga job ɗinmu na farko ya yi nauyi, sai na raba shi biyu. Ɗaya ya ɗauko lambobin manoma da sunan yankinsu, ɗayan ya duba ruwan yankin ya zaɓi saƙo. Lambobin na tuna na miƙa su. Sunan yankin na manta. Na biyu ya tashi ya nemi yanki bai samu ba, ya nuna ja, kamar yadda ya kamata.

Ranar kuwa baƙi za su zo daga Yamai bayan sallah, shugabanmu ya ce in haska musu layin a bango. Ni mutum ne da ba ya son a ga ja a aikinsa. Tun ina ɗan makaranta a lakwal haka nake, gara in kankare takarda har ta huje da malami ya ga kuskurena. Ladan ya fara kira, ba ni da lokacin bin abin a hankali. Sai na rubuta ƴar jimla guda: in ba a samu yanki ba, a ɗauki kudu. Komai ya koma kore shar. Na ce ranar Litinin zan dawo in gyara shi gyaran gaskiya, na ɗauki dardumata na fita. Baƙi suka yaba, suka sha lemo, suka tafi, ni kuma na manta kamar an shafe.

Babu abin da zai tuna mini. Da rani kudu da arewa duk saƙonsu ɗaya ne, a dakata. Wata da watanni layin yana kiran mutanen arewa da labarin ruwan kudu, yana nuna kore, muna yi wa rogo kallon kitse.

Ƙauyenmu yana gefen Tebaram. Can wan mahaifina yake, wanda ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifina, Baba nake ce masa. Ba mai gari ba ne, ba liman ba, amma ba wanda ke fita da sungumi sai ya ga Baba ya fita. In an yi ruwa yakan je gona ya durƙusa ya tona da hannu. In laima ba ta kai masa wuyan hannu ba, sai ya karkaɗe ƙasa ya koma gida, gari duka a koma. Yana kuma da irin hatsi da ya gada wajen kakanmu, mai saurin nuna, wanda ya san ƙarancin ruwan tudunmu. Duk kaka da hannunsa yake zaɓen zangarniyar da za a ajiye. In ya gama shukarsa, abin da ya rage ya raba wa duk wanda ya zo, tiya-tiya, bai taɓa karɓar komai ba. Shi bai taɓa roƙon iri wajen kowa ba, kuma yana son a san haka.

Farkon damina wata ƙanwata ta haihu, na hau moto, babur ɗina, da sassafe na tafi suna. Na san lissafin ruwan arewa a kaina: yayyafi ɗaya, mako guda da ya wuce, wanda bai ratsa ƙasa sosai ba. Da na sauka daga babbar hanya na shiga gonakin garinmu, sai na taka birki har na kusa faɗuwa. Tsiro ne. Layi-layi, kore siriri, gona bayan gona har gindin tudu. Na tsaya ina kallo baki buɗe. Na ce a raina, Baba ya tsufa ke nan?

Na tarar da shi cikin ƴan suna a ƙofar gida, ya sha babbar riga. Yana ganina ya washe baki, ya kama hannuna ya ɗaga wa mutane.

"Ga mai muryar nan ya taho!" Sai ya gyara wuya ya kwaikwaye ni, kalma da kalma: "Manoma, barkanku da ruwa. Ƙasa ta sha, a shibka."

Aka yi dariya, wani ya ce wallahi kamar shi. Ni kuwa ban yi dariya ba. A sanina, wannan saƙon ba a aika wa arewa shi ba. Bai kamata a ce an aika ba.

"Baba, yaushe kunka ji wanga?"

"Ran Talata waccan, da hantsi. Washegari munka hita gari duka."

Ban ci naman suna ba. Na hau tudun bayan gari inda ake samun rezo salula ta kama, na kira abokiyar aikina na ce ta buɗe bayanan layin na waccan Talatar, ta karanta mini abin da job na biyu ya karɓa. Na ji tana danna kwamfuta.

"Malam, an rubuta yanki, gabansa kuma fili ne. Ba komai." Ta ci gaba da dubawa. "Innalillahi. Wane mai hankalin ne ya rubuta in babu a ɗauki kudu?"

Na ji ta sake danna kwamfuta.

"Malam, sunanka ne a jiki."

Na zauna a kan dutse. A waccan Talatar an kwana ana ruwa a kudu, na tuna har mun yi murna a biro. Ruwan Ƙonni ne muryata ta yi wa mutanen garinmu barka da shi. Daga inda nake ina hango gonakin duka, da mata suna kai da kawo da ƙoren fura a gidan suna.

Gyaran bai kai tsawon dafa shayi ɗaya ba. Abokiyar aikina ta goge jimlata, ta sa na farko ya miƙa sunan yankin, ta sa in an rasa shi layin ya tsaya ya yi ja. Shugabanmu ya ce a aika saƙon ban haƙuri, shi ma ni na karanta. Da muka bi sauran ƙauyukan arewa, sai na sake shan mamaki: a mafi yawansu tsofaffi sun ji saƙon, sun tona ƙasa, sun yi tsaki sun koma gida. Garinmu ne kaɗai aka fita kwata-kwata, garin mutumin da ya fi kowa sanin ƙasa.

Sai jira. Da ruwa ya biyo baya cikin ƴan kwanaki, da tsiron ya tsira, da na zama gwani a banza. Kullum ina leƙen gabas daga tagar biro kamar mai jiran baƙo. Hadari ya haɗu sau biyu, iska ta watsa shi. Kusan mako uku ba ɗigo. Da na koma ƙauye, tsiron ya naɗe ya bushe, in ka taɓa sai ya marmashe a yatsa. Irin kakanmu duk yana cikin ƙasa, na Baba da wanda ya raba.

A gona na same shi, na durƙusa na faɗa masa komai: rabon job, da ja, da baƙin Yamai, da jimlar da na rubuta don kada a ga kuskurena. Ban san nawa ya gane ba. Ya saurara har na gama, yana murza busasshen tsiro.

"Ai na tona," ya ce.

Na ɗago kai.

"Ranar nan na taho na tona. Laima ba ta kai yatsa ukku ba."

"To Baba, don mi kunka shibka?"

"Gari duka sun ji muryakka. Sunka taru ƙohwar gidana suna jiran su ga abin da za ni yi. In ni ƙi hita da sungumi, mi za a ce? Ɗa nai maƙaryaci na, uba nai ma ya sani."

Wallahi da ya mare ni da ya fi mini sauƙi. Ni na ƙi a ga ja a bangon biro na rabin sa'a, shi ya zuba irin ubansa a busasshiyar ƙasa, yana sane, don kada a ga jana a gari. Na yi kuka a gonar nan, ban ɓoye ba.

Ruwan gaskiya ya sauka bayan kwana huɗu, Baba ya tona har wuyan hannu. Sauran mutane suka bazama kasuwa neman iri, kowane iri aka samu. Shi ya ce ba zai zuba hatsin kasuwa a gonar ubansa ba. Mutum ɗaya ne ya rage da ɗan irin namu, wani taubashinsa a tungar da ke gabas da mu, wanda ba shi da salula kuma bai shuka ba. Shekara da shekaru shi ke zuwa karɓa wajen Baba. Su biyun ba sa haɗuwa ba su yi wa juna tsiya ba, ko a wajen gaisuwar mutuwa sai sun ciji juna a hankali. Wajensa Baba ya nufa, na bi shi a ƙasa, ina shirya kunnena don abin da zan ji.

Muka yi sallama, aka shimfiɗa tabarma. Baba ya daɗe yana gaisuwa, ya tambayi iyali, ya tambayi bisashe, ya sake tambayar iyali. Daga ƙarshe ya ce, idonsa a ƙasa, "Na taho ka taimake ni da iri."

Taubashin ya dube shi, ya dube ni. Ga dama ta samu irin wadda mutum ke jira tsawon rayuwa. Ya tashi ya shiga rumbu, ya auno tiya huɗu ya ɗaure a buhu, ya ajiye gaban Baba da hannu biyu, ya ce Allah shi ba da damana mai albarka. Ya raka mu har bakin hanya ba wasa ko ɗaya. A nan na san girman abin da na yi.

Muna tafiya Baba ya ce, bai waiwayo ba, "Ita na'urag ga taku, in ba ta san abu ba, ba ta iya cewa ban sani ba?"

"Tana iyawa, Baba. Ta ma hwaɗi. Ni na hana ta."

Ya gyaɗa kai. Na miƙa hannu in karɓi buhun, don na ga ya yi masa nauyi. Sai ya mayar da shi ɗaya kafaɗar, wadda ba ta gefena, ya ci gaba da tafiya.