Ranar da Surukina Ya Juya Kujera

Ku matso, jikokina, ku kasa kunne.

Da aka yi taron kiɗan gargajiya a Talata Mafara, mu matan Bakura muka kai kiɗan ƙwarya. Na kifa ƙwaryata bisa ruwa ina bugawa, ƙafafuna na ƙaiƙayin rawa. Sai ga mijin ɗiyata a sahun gaba! Wace uwa ke rawa gaban suruki?

Ƙawata mai ba da waƙa ta ce masa, "Malam, ga shi ka ɗaure mana tsohuwa, ta kasa rawa!"

Bawan Allah ya juya kujerarsa, ya fuskanci masu tsire. Wayyo daɗi! Na taka har kallabina ya faɗa ruwan.

Ƙawata ta kwana uku ba murya. Surukina har yau cewa yake tsire kawai ya gani. Ni kuwa, gwiwoyina ba su yafe mini ba.