Shuɗin Zobe a Gefen Tsoka

Shekara ashirin da bakwai ta yi a ɗakin ƙarshe na asibitin, mai taga ɗaya da sanyin da ba ya hutu. Inna Mai Wuƙa ake ce mata. Likita zai ciro ɗan nama kamar ƙwayar shinkafa daga cinyar majinyaci, ita kuma ta daskarar da shi, ta yanka shi siriri kamar ɓawon albasa, ta rina, ta shimfiɗa a gilashi.

Akwai ɗabi'arta guda da ake yi wa dariya. Ba ta taɓa rina naman majinyaci shi kaɗai, sai ta kwantar da na mai lafiya a gefensa. "Shaida ɗaya ba ta yanke hukunci," in ji ta.

Wata safiya aka kawo naman wani mai raba wasiƙu. Da ya hau bene biyu sai ƙafafunsa su mutu. A wurin aiki an ce lalaci ne, an ba shi wata guda ya gyara ko ya ajiye jaka. Matarsa ma ta raɗa masa suna Sarkin Hutu.

A tsoka mai lafiya, rinin kan fito da shuɗin zobe a gefen kowane zare. Zoben nan sinadari ne mai fitar da iskar nitirik okusaid, wadda ke raɗa wa hanyoyin jini su buɗe in aiki ya yi zafi. Naman mai wasiƙu kuwa fari fat.

Sabon likita ya leƙa madubin ƙara girma, ya yi tsaki. "Inna, rinin nan naki ya kwana. Mu rubuta ba a ga komai ba."

"Ɗana, tura gilashin hagu kaɗan."

Ya tura. Sai ga zobba jere kamar saƙar zuma, a naman mai lafiya.

"Kwanon rini ɗaya suka sha," ta ce. "Ko rinin ma son kai yake yi?"

Likita ya sosa ƙeya, ya jawo takarda, ya rubuta cewa tsokar mutumin ba ta iya kiran jini.

Aka mayar da mai wasiƙu teburin tantance wasiƙu, yana aiki a zaune. Bayan 'yan makonni Inna ta ci karo da shi da matarsa a matakalar asibiti, matar ce riƙe da jakarsa.

"Bi a hankali, maigida, benen ba guduwa zai yi ba," in ji matar.

Ya gaishe da Inna yadda ake gaishe da kowace dattijuwa. Ta amsa, ta ba su hanya, ta wuce ɗakinta mai sanyi, inda wani naman ke jiran wuƙa.